Mai Kama da Ilu

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a wurina a unguwar Sanyuanli ta Guangzhou ya san teburin da ke bakin taga, ya kuma san ba a zama a kansa da azahar, domin na Malam Tankari ne. Ni ce Barira, 'yar Fagge. Na daɗe ina dafa wa 'yan kasuwarmu abinci a saman wannan bene, tun zamanin da sai na roƙi baƙi su saƙo mini kuka da daddawa a ƙasan jaka. Na ga masu zuwa Guangzhou su yi sayayya su koma, na ga waɗanda suka zo suka maƙale. Tankari yana cikin waɗanda suka maƙale, kuma labarinsa ya daɗe yana cina a rai.

Mutumin Maradi ne, gajere, mai kaurin wuya, wanda sai ka yi da gaske kafin ka ga haƙorinsa. A gida tela ne. Ya yi shekaru a bakin kasuwa yana taka keke, har ya kai in ya ɗora hannu a kan yadi zai gaya maka ko zai jure wanki. A rumfar da ke kusa da tasa akwai wani dogo mai sayar da gwanjo, Ilu, wanda bakinsa ba ya hutawa. Tare suka tashi, tare suka sha duka a makarantar allo, kuma Ilu ne ya zuga shi ya sayar da keken suka kama hanya. Sun yi Kwatano, sun yi Dubai, daga ƙarshe suka faɗo nan, ɗaki ɗaya, katifa biyu.

Sana'arsu dillancin wandon jins. Baƙo zai zo da samfur a jaka, wato wando guda ɗaya irin wanda yake so, su kuma su ɗauke shi zuwa Xintang, garin da ba abin da ake yi sai ɗinkin jins, har iskar garin warin rini take yi. Su nemo masa kamfanin da zai kwaikwayi samfurin, su yi ciniki da lawban, kamar yadda ake kiran mai kamfani a nan, su bi kayan har a rufe kwantena. Kowannensu da nasa baƙin da nasa aljihun, amma suna da wata ƙa'ida da suka kafa tun zuwansu: ba mai loda kaya sai ɗan'uwansa ya duba masa. Ilu yakan duba wa Tankari lamba da takardu. Tankari kuwa yakan zaro wando daga tsakiyar dila, ya jiƙa farin hankici, ya goga a cinyar wandon da ƙarfi, sannan ya ɗaga hankicin sama Ilu ya gani. In ya fito fari, a loda. In ya yi shuɗi, rinin bai kama ba, a mayar wa lawban kayansa.

A wurina kuwa tire ɗaya nake zuba musu. Tuwon shinkafa malmala huɗu, miya a tsakiya, kowa ya ci gabansa. Tankari yakan juya wa taga baya, Ilu ya fuskance ta don ya ga masu shigowa layin. Ban taɓa ganin ɗayansu ya wanke hannu ɗayan bai iso ba. Akwai ranar da 'yan sanda suka tsare Ilu kan maganar takardar zama, Tankari ya zauna gaban tiren har tuwon ya sandare, na ɗauke na sake ɗumamawa. Ni da na rabu da 'yan'uwana na jini na zo ƙasar mutane, nakan tsaya in yi ta kallonsu. Ba zan ɓoye ba, na yi ƙyashin wannan tiren.

To, sai masu Turanci suka fara yawa a wurina. 'Yan Saliyo, 'yan Laberiya, 'yan Gambiya, 'yan Kenya, duk Musulmin da ke neman naman da aka yanka da bisimilla. Mutanen kirki ne, suna biya ba gardama, amma suna da wata ɗabi'a da har gobe ba ta yi mini ba. Ba sa iya gaya maka yadda abu yake sai sun ɗauko wani sun jera su. In wando ne, sai su ce irin wannan, amma ya fi shi laushi. In otal ne, sai su ce kamar na titin Liuhua Lu, amma bai kai shi tsada ba. Wannan da sauƙi, kaya ne. Abin haushin shi ne haka suke yi wa mutum ma, yana zaune a gabansu, suna murmushi, su a ganinsu yabo ne. Mu ma mukan ce wane ya fi wane, amma a bayan idonsa, ko kuma in faɗa ya kai faɗa.

Ni kaina ban tsira ba. Akwai Maijidda da ke dafa abinci a benen da ke kallon nawa. Wata rana na ji wani ɗan Kenya yana gaya wa abokinsa cewa miyata ta fi ta Maijidda daɗi, amma wurin Maijidda ya fi nawa tsabta. Rabin maganar yabo ne, amma wallahi ban ji wannan rabin ba. Na yi kwanaki ina dirzar tebur kamar zan cire masa fenti, in na hango Maijidda a kasuwar kayan miya sai in canza layi, alhali matar ba ta yi mini komai ba. Saboda haka da abin ya zo kan Tankari, na san irin ciwon.

Babbar cikin masu Turancin nan ita ce Madam Saffana, 'yar Saliyo, mai shaguna a Freetown. Mace ce mai jiki, mai babbar murya da babbar dariya, kuma duk baƙon da ya zo daga yankinsu ita yake tambaya wanda zai bi. Ta fara aiki da Ilu, daga baya takan ba Tankari ƙananan kaya. Ranar da abin ya fara, ta shigo da wata sabuwar baƙuwa, ta ja ta har bakin taga suna cikin cin abinci. Ta dafa kujerar Ilu ta ce, da Turanci, “Wannan shi ne Ilu, babu kamarsa a Guangzhou.” Sannan ta nuna Tankari. “Wannan kuma Tankari. Kamar Ilu yake, sai dai bai kai shi sakin fuska ba.”

Ilu ya yi dariya ya miƙe yana gaisawa. Tankari ya ci gaba da cin gabansa. Shi Faransanci ya ɗan yi a lakwal, wato makarantar boko, Turancinsa na kasuwa ne, ni kuwa na yi sakandare a Kano, don haka ni yakan tambaya. Da suka watse, Ilu ya sauka raka su, sai Tankari ya biyo ni har ƙofar kicin.

“Hajiya, mi ta ce a kaina?”

“Yabonka ta yi, Malam. Ta ce kai ma ƙwararre ne.”

Ya dube ni. “Hajiya, kar ki yi mini haka. Na ji ta ce laik Ilu. Wagga kalma na san ta. Ita suke hwaɗi in sun miƙo mini samfur, su ce a yi musu irinsa.” Ya goge hannunsa a hankali. “Ke nan Ilu shi ne samfur, ni kwafi.”

Na ce masa haka bakinsu yake, ba da wata manufa ba ne, har na ba shi labarina da Maijidda don ya yi dariya. Bai yi ba.

Daga ranar kunnensa ya buɗe. Mutumin da a da ba ruwansa da hirar baƙi, sai ga shi yana tsayar da loma a hanya in ya ji an ambaci sunan Ilu. Su kuwa masu Turanci ba su san suna yi ba. Wani ya ce Tankari ya fi Ilu arha amma Ilu ya fi sauri. Wata ta ce Ilu ya fi sauƙin sha'ani. Wani ɗan Laberiya yana yabon wani dillalin takalma, sai ya ce ai shi ne Ilun takalma. Wannan ta fi kowacce yi wa Tankari zafi. Ya ce mini, “Kin ji ko? Har sunansa ya zama mudu ana awo da shi. Ni wa anka taɓa aunawa da ni?”

Sai ya shiga gyaran kansa, abin dariya abin tausayi. Ilu ya sayi waya, shi ya sayi wadda ta fi ta girma, har ba ta shiga aljihu. Ya sa manhajar koyon Turanci, yana zaune a jirgin ƙasa na metro yana maimaita gaisuwa shi kaɗai. Ya fara yi wa baƙi dariya, irin wadda ake yi wa mai hoto, har wata baƙuwa ta tambaye ni ko haƙori ke damunsa. A wajen cin abinci kuma na lura yana sa ɗan yatsa ya ja layi a tsakiyar miya kafin su fara. Ilu bai gane komai ba. Kullum in ya ci karo da tsoka mai kyau sai ya turo ta ƙetaren layin ya ce, “Ci, aboki, ka rame.” Na sha ganin fuskar Tankari a irin wannan lokaci. Da Ilu mugu ne da abin ya zo masa da sauƙi, amma mutumin da kake ƙyashi yana turo maka nama, wannan azaba ce.

Ana haka Madam Saffana ta zo da babbar oda, ta ce wannan karon za ta raba biyu, rabi Ilu, rabi Tankari, kowa da kamfaninsa. Ta faɗa tana dariya: “Sai mu ga wanda ya fi.” Ilu ya tafa hannu ya ce an gama, wanda ya faɗi zai sayi kaza. Tankari kuwa daga ranar kusan a Xintang ya tare. Lawban ɗinsa ya ce bai taɓa ganin mutum mai naci irinsa ba, ko zare ɗaya ya leƙo sai an warware.

Kayan Ilu ne suka fara kammala. Aka sa ranar lodi wata Juma'a da safe, suka tafi sito tare, kowa cikin shigar masallaci, Tankari da farar shadda. Abin da ya faru a can daga baya na haɗa shi, rabi daga bakin Ilu, rabi daga abin da idona ya gani. Tankari ya zaro wando daga tsakiyar dila kamar kullum, ya jiƙa hankici, ya goga. Daidai lokacin aka kira Ilu a waya, ya juya baya yana surutunsa. Da ya juyo, hankicin ba ya sama.

“Yaya, aboki?”

“Lafiya lau. A loda.”

Ilu bai ce a nuna masa ba. Me zai sa ya ce? Aka rufe kwantena, suka wuce masallaci, daga can suka zo wurina. Ina ajiye tire na ga aljihun gefen rigar Tankari ya yi wani tabo shuɗi, faɗin tafin hannu, ya ratso shaddar daga ciki. Ilu ma ya gani, ya ƙyalƙyale da dariya.

“Kai, bik ya fashe maka! Dubi shadda sabuwa.”

Bik shi ne biro a bakin 'yan Nijar. Tankari ya dubi aljihun, ya dafe shi da hannu. “I, bik ne,” in ji shi. Ranar bai ci ko malmala ɗaya ba. Ni na ce a raina wannan tabo bai yi kama da na biro ba, ya yi faɗi kuma ya yi haske, amma ban san abin da yake nufi ba, na koma kan tukunyata.

Jirgin ruwa ba ya sauri. Aka yi watanni, kayan Tankari ma suka bi baya, rayuwa ta ci gaba. A wannan tsakanin Tankari ya daina dariyar mai hoto, ya daina jan layi a miya. Har wata rana na ga shi ne ya tura wa Ilu tsoka. Na yi murna, na ɗauka ciwon ya warke.

Kayan suka isa Freetown ana tsakiyar damina. Wandunan Ilu suka fara zuba. Duk wanda ruwa ya taɓa sai cinyarsa ta yi shuɗi, farar riga ta ɓaci, masu babur suka fara korar mai sanye da shi don kada ya ɓata musu kujera. Mutane suka yi ta mayar wa Madam Saffana kaya a shago. Na Tankari kuwa ko a ruwan zafi ba sa motsi. Ba ta tsaya a waya ba, ta hawo jirgi ta zo da kanta, ta same su a bakin taga, ta ajiye wando guda a kan teburin kusa da tire. Ta yi faɗa sosai, Ilu yana ta ba da haƙuri, yana cewa bai san yadda aka yi ba. Da ta gaji, sai ta juya ta faɗa yadda duk ɗakin zai ji: “Na yi kuskure tun farko. Tankari ya fi Ilu lura nesa ba kusa ba. Ilu baki ne, Tankari ne aiki.” Ta fice.

Tankari ya ji, na san ya ji, don Turancinsa ya kai nan. Amma sai ya ɗago kai ya ce, “Hajiya, mi ta ce?” So yake ya sake ji da harshensa. Raina ya ɓaci, na fassara masa duka, ban rage ko kalma ba. Na ga wani ɗan murmushi ya leƙo gefen bakinsa, na gaske, wanda ya yi shekaru yana jira.

Ilu bai kalle shi ba. Ya ɗauki wandon, ya tsoma yatsa a kwanon wanke hannu, ya goga a cinyar. Yatsan ya fito shuɗi. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya ya dubi aljihun Tankari, ko da yake ranar wata riga ce daban a jikinsa.

“Tankari,” ya ce, a hankali. Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa tsirara ba, kullum aboki ne. “Ran nan ba bik ba ne, ko?”

Tankari ya sunkuyar da kai kan tiren.

“Kai ba ka ma yawo da bik. Nawa kake ara.”

Na zaci Ilu zai tashi ya kife tiren, don da ni ce da na yi. Shi kuwa ya wanke yatsansa, ya share, ya kira ni kamar ba abin da ya faru. “Hajiya, don Allah ki zuba mini nawa a faranti.” Ya ɗauki farantin ya koma teburin bakin ƙofa.

Bai gaya wa kowa ba. Ko Madam Saffana bai gaya wa ba, ya ɗauki laifin ya biya abin da zai iya. Amma bakin masu Turanci da ya ɗaga shi, shi ya sauke shi. Duk baƙon da ya sauka a filin jirgi da labarin yake zuwa: akwai 'yan Nijar biyu, gajeren ya fi dogon. Baƙin Ilu suka zame ɗaya bayan ɗaya zuwa wurin Tankari, har ya kai ba shi da aikin da zai sa a sabunta masa takardar zama. Ya bar ɗakinsu tun a makon farko, ya koma kwana wurin wasu 'yan Yamai. Kafin shekara ta zagayo ya haɗa kayansa.

Ranar tafiyarsa ya hawo yi mini sallama da hantsi, lokacin da ya san Tankari yana Xintang. Na ɗaura masa yaji da soyayyen nama, na yi ta masifa don kada in yi kuka. Na ce masa shi ma da laifinsa, me ya sa bai tona ba? Ya ce, “Hajiya, in na tona, uwarsa da tawa maƙwabta ne. Da wane ido za su gaisa?” Ya ɗauki jaka, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo. “Ki riƙa sa masa ido. Bai iya cin abinci shi kaɗai ba.”

Yanzu Tankari babban dillali ne. Yana da ofis kusa da tashar jirgin ƙasa, gemunsa ya yi fari, lawban-lawban na Xintang suna tashi tsaye in ya shigo. Ilu kuma, in ji masu zuwa, ya koma rumfarsa ta gwanjo a Maradi, yana nan da surutunsa. Na ji an ce Tankari ya je gida sau da yawa, amma bai taɓa bi ta wannan layin na kasuwa ba.

Kwanan baya Madam Saffana ta zo, ta ɗan manyanta, fushin nan ya daɗe da wucewa. Tana tare da wata yarinya 'yar Gambiya da ta fara kasuwanci. Ta ja ta har bakin taga, ta dafa kujerar da ke fuskantar layi, wadda ba kowa a kai.

“Wannan Tankari ne,” ta ce. “Da kin zo da wuri da kin haɗu da Ilu. Ba a sake yin irinsa ba, ga dariya, ga kirki. Amma cikin waɗanda suka rage, Tankari ne ya fi kama da shi.”

Na tsaya da ludayi a hannu ina jira ya ce, Hajiya, mi ta ce? Bai tambaya ba. Ya gaishe su, suka tafi teburinsu, ya juya wa taga baya.

Har yau a tire nake zuba masa, malmala huɗu, miya a tsakiya. Na taɓa kawo masa faranti sau ɗaya, ya ce in mayar. Yakan wanke hannu, ya ɗan jira, sannan ya ci biyun da ke gabansa. Sauran biyun nakan ɗauke su yadda na ajiye su.